Akwati Biyu a Bakin Ƙofa

"Babu wuri," in ji Frano. "Ba ƙiyayya ba ce, Tadiya. Wurin ne babu."

Ina tsaye a zaure ina gugar zannuwan gado lokacin da ƙanena ya faɗi haka. Ban ɗaga kai ba, don na san idan na ɗaga zai ce in shiga ciki.

Ranar sauka ce. Haka muke yi kowace shekara a tsakiyar watan Yuni, mu da yawancin maƙwabtanmu na cikin ganuwar Dubrovnik. Ɗaliban jami'a da suka yi hunturu a benen sama su kwashe kayansu su tafi, mu kuma masu gidan mu naɗe katifunmu mu koma ɗakin ƙasa, inda mahaifinmu yake ajiye tulunan mai da komar kamun kifi a da. Daga ranar har Oktoba, ɗakunan duka na baƙin bazara ne.

Tadiya ya shekara huɗu a ɗakin can ƙuryar sama. Ɗan Slavoniya ne, inda babu teku sai gonakin masara, amma kiwon kifi ya zo ya karanta, kuma ya gama. Da safen nan ya sauko da farar riga wadda ya goge da kansa, gugar ba ta yi kyau ba, riƙe da kwalbar zumar da mahaifiyarsa ta aiko. Ya ce abu biyu ya zo roƙo. Ya fara da ƙaramin, yana kiran Frano da Gospar, wato maigida.

"Ƙarƙashin matakala ma ya ishe ni, Gospar Frano. Masu gonar kifin sun ce aikin nawa ne idan ina da wurin kwana a kusa. Na zaga gari har ƙafata ta kumbura. Ko garejin mota an sa gado an ba wa baƙi."

"Ƙarƙashin matakala akwatunan baƙi ake ajiyewa. Mu huɗu ne a ƙasa, ni da mahaifiyata Nona da yayata Pave da 'yata Lukre. Gado huɗu, taga ɗaya. Ina zan sa ka? Cikin tulu?"

"To, abu na biyun..."

"Kada ka faɗa," Frano ya katse shi. "In ka faɗa dole in amsa, kuma ba na so mu rabu da ɓacin rai."

Tadiya ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya gyara tsayuwa.

"Ina son auren Lukre. Ita ma ta yarda."

Frano ya daɗe yana kallon zumar kamar ita ce ta yi maganar.

"Shekara huɗu ko kofi ba ka fasa mini ba," ya ce. "Kai ka gyara famfon sama ba tare da an sa ka ba. Ban taɓa samun ɗalibi irinka ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma kai ɗan hunturu ne. Kuna zuwa da ruwan sama, rana tana fitowa ku tafi. Na ga irinku da yawa, kowa sai ya rantse nan zai zauna."

"Ba tafiya muke yi ba, Gospar. Fitar da mu ake yi."

Na ji ƙaurin zani. Da na duba, dutsen gugar ya bar tabo a gefen zanin da ya fi duka sabunta. Na ninke wurin zuwa ciki.

Ana haka sai ga ƙarar amalanke a kan duwatsun lungu. Mota ba ta shigowa cikin ganuwa, duk mai kaya sai ya tura. Niksha ne, ɗan maƙwabcinmu wanda bango ɗaya ya raba gidajenmu. Jiragen ruwa gare shi masu kai baƙi tsibirai, kuma shi Frano yake so Lukre ta aura. Duk shigowar da zai yi sai ya ƙwanƙwasa bangon nan da ƙugun yatsa, kamar mai jin ko kankana ta nuna. Yau ma ya ƙwanƙwasa, sannan ya gaishe ni da Tete, wato gwaggo.

"Tete Pave, wallahi gugarki ta fi ta otal. Gospar, na zo mu sauko da Nona." Sannan ya juya wajen Tadiya yana murmushi. "A'a, manomi! Ga amalanke na kawo maka, har tasha, kyauta. In ka isa ka gaida mana masara."

"Za ta ji," in ji Tadiya. "Ita dai ba ta auna bangon maƙwabta."

Niksha ya yi dariya, amma kunnuwansa suka yi ja.

Suka hau shi da Frano. Jim kaɗan suka sauko da mahaifiyarmu zaune a kujerarta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar yadda ake yi tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Desha, wadda kowa ke kira Nona, wato kaka, ta haura tamanin, amma bakinta bai tsufa ba.

"A hankali, Niksha ɗan Vlaho, ni ba buhun dankali ba ce. Ubanka ma haka yake da gaggawa, shi ya sa ya kife da jirgi a gaban mutane."

"Nona, wannan labarin ai ya mutu," in ji Niksha.

"Ni ban mutu ba tukuna. Ku ajiye ni nan in sha iska kafin ku binne ni."

Suka ajiye ta a bakin matakalar ɗakin ƙasa. Ta dubi farar rigar Tadiya, ta dubi zumar, ta dubi fuskar ɗanta. 

Lukre ce ta sauko a ƙarshe, tana jan akwatinta mai ruwan ƙasa. Shekararta ashirin da shida, a kantin magani take aiki, kuma ni na ƙarasa rainonta bayan rasuwar mahaifiyarta. Tun tana ƙarama aka koya mata cewa duk abin da ta mallaka dole ya shiga akwati ɗaya, domin baƙo ba ya son ganin alamar wani ya taɓa zama a ɗakin da ya kama. Har ramin ƙusar da take rataye hoton uwarta sai ta cike shi da farar ƙasa.

Ta ajiye akwatin kusa da na Tadiya a bakin ƙofa. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Baba, me ka ce masa?"

"Abin da kika san zan ce."

"Ko kwanan ma ka hana?"

"Lukre, akwai baƙo a tsaye."

"Niksha ba baƙo ba ne, ya fi ni sanin kaurin bangon gidan nan."

Niksha ya ce bari ya duba tayar amalanke. Ya fita, amma bai yi nisan da zai kasa ji ba.

Frano ya zauna a kan ɗaurin katifa. Ƙanena ba mai ɗaga murya ba ne, kuma ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi sauƙi.

"Zo ki tsaya a ƙofa ki dubi lungun nan," ya ce. "Lokacin da nake yaro, idan uwa ɗaya ta leƙo ta kira yara cin abinci, sai ka ga an watse kamar tattabaru. Yanzu da hunturu tagogi nawa kike gani da haske? Namu, da na su Niksha, da na tsohuwar nan mai kyanwa. Saura duk sun sayar wa mutanen da ba su san sunan lungun ba, sun koma bayan gari suna kallon ganuwa daga nesa. An rufe makarantar da na yi saboda babu yara. Ni ina so in ji kukan jariri a gidan nan kafin in mutu, jaririn da aka haifa a nan, wanda zai zauna a nan. In kika auri Niksha, a fasa bangon nan, gida biyu su zama ɗaya, babu attajirin da zai iya saye mu. Wannan ne laifina?"

Hawaye ya zubo wa Lukre, ba ta share ba.

"Kana son wanda zai zauna, Baba. Ga mutum ya zo yana roƙon ƙarƙashin matakala don ya zauna, na san kuma cewa ka yi na akwatuna ne."

"Shi ba ɗan nan ba ne."

"Mu 'yan nan ne? Faɗa mini yadda rana take shiga ɗakina a watan Yuli. Ban sani ba. Ban taɓa gani ba. Wata baƙuwa ce bara ta tsayar da ni a kan matakala tana ce mini, da safe hasken teku yana rawa a rufin ɗakin, wai na yi sa'a. Na yi mata godiya. Ɗakina ne fa, Baba."

"Da wannan saukar kika yi karatu. Da ita aka gyara rufi."

"Na sani. Ban ce ka cuce ni ba. Cewa nake mu ma 'yan hunturu ne. Bambancinmu da Tadiya kawai shi ne, shi ana fitar da shi ta ƙofa, mu muna bi ta ƙasa."

"Ya isa."

"Bai isa ba." Ta tsaya a gabansa. "Mama a watan Agusta ta rasu. A bayan labulen can. Tana ce mini ƙirjinta ya yi nauyi, tana son iska, a sama kuma wasu suna kan gadon aurenta suna dariya suna jan kujeru. Na ce maka a hau da ita ko na yini ɗaya. Ka ce mini an riga an karɓi mutane. Ina da shekara goma sha ɗaya, ban manta ba. Kuma kana so in haifi ɗa in koya masa cusa rayuwarsa a akwati ɗaya?"

Babu wanda ya taɓa faɗin wannan maganar a gidan, ko da yake kowa ya san ta. Fuskar Frano ta yi fari kamar zanin da ke hannuna. 

Tadiya ne ya matsa kusa da ita.

"Lukre, kada ki yi wa Baba haka saboda ni."

"Ba saboda kai ba ne."

"To ji nan. Zan tafi gida in taimaka wa babana da girbi. Oktoba in dawo in nemi wani aikin."

"Ka dawo ina? Baba ya riga ya yi wa wasu 'yan mata biyu alkawarin ɗakinka. Ka ɗauka ban sani ba? Aikin kuma gobe za su ba wa wani. Za ka ce Oktoba, Oktoba ta zo ka ce bayan Kirsimeti. Ni kuma ina nan kullum ana ƙwanƙwasa bango a kaina har in gaji."

"To me kike so in yi?"

"Ka tambaye ni in zo."

Ya girgiza kai. Idanunsa sun cika.

"Ba zan tambaya ba. Garinmu babu teku, Lukre. Babu ganuwa, babu inda za ki zauna shan kofi ki ga duk wanda kika sani ya wuce. Laka ce da hazo da ƙarar motar noma. Mahaifiyata za ta so ki, amma za ta tashe ki da asuba ki ga kaji. Wata shida za ki tsane ni, kuma ni ba zan iya ɗaukar wannan ba."

"Ɗakin da za ka sa ni, akwai ranar da za a ce in fita?"

"Wane irin fita?"

"Da bazara. Akwai wanda zai zo a ba shi gadona?"

"Wa zai zo garinmu da bazara? Sauro ne kawai."

Ta yi dariya cikin kuka, irin wadda ta fi kukan ciwo.

Daga kujerarta Nona ta ce, "Yaron nan bai iya tallan kayansa ba. Shi ya sa na yarda da shi."

"Mama, kada ki sa baki," in ji Frano.

"Ban sa ba. Iska nake sha."

Frano ya miƙe. Ya ɗauko farantin tagulla da muke tara makullai a ciki, domin ranar sauka kowa yana mayar da makullinsa, ɗalibi da ɗan gida, a jera su a ba wa baƙi. Ya miƙa wa Tadiya. Tadiya ya sa nasa. Ya zo wajena na sa nawa. Ya tsaya a gaban Lukre, ta ciro na ɗakinta ta sa, kamar kowace shekara.

"Niksha," ya kira. "Zo ka ɗauki kayan ɗalibi, kada motar ta bar shi."

Niksha ya shigo da sauri ya sungumi akwatin Tadiya ya ɗora a amalanke. Frano kuma ya sunkuya ya kama hannun akwatin Lukre zai sauka da shi ƙasa.

"Ajiye, Baba."

Bai ajiye ba, bai kuma motsa ba.

"Ajiye. Nawa ne. Kai ka koya mini haɗa shi yadda ba zan bar komai a baya ba."

Ta zare hannun akwatin daga yatsunsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta ja shi ta tsallake dokin ƙofa, ta ɗaga da kanta ta ɗora a kan na Tadiya.

Niksha ya saki hannuwan amalanken kamar sun ƙona shi.

"Gospar Frano, wannan wane irin wasa ne? Ni zan tura kayanta zuwa tasha?"

"Ai kai ka ce kyauta," in ji Nona.

"Lukre, ki yi tunani. Na riga na yi magana da magini. Na ce masa benen sama duka naki ne, ba za a ba kowa ba."

"Har da watan Yuli?"

Niksha mutum ne mai gaskiya a harkar kasuwa, wannan ba a raba shi da ita.

"To, Yuli da Agusta ai kin san yadda ake..."

"Na sani," ta ce. "Na gode da amalanke. Za mu bar maka ita wajen mai gadin ƙofar gari."

Tadiya yana tsaye kamar an dasa shi.

"Lukre, ban tambaye ki ba."

"Na ji. Kama ka tura, ɗaya tayar tana da gardama."

Frano ya fito bakin ƙofa, farantin makullai a hannunsa.

"Akwai saura," ya ce. "Na ƙofar waje."

Wannan makullin ba a taɓa karɓarsa daga hannun ɗan gida ba. Lukre ta ciro igiyar da ke wuyanta, ta kwance makullin, ta ajiye a farantin ba tare da ya yi ƙara ba. Ta durƙusa ta sumbaci hannun Nona. Tsohuwar ta zana mata alamar gicciye a goshi, ta ce ta riƙa sa safa, can akwai sanyi. Da ta zo wajena sai na ɗauki zanin da na ƙona na cusa mata a ƙarƙashin hannu. Baƙo ba zai karɓe shi ba, kuma auduga ce mai kyau.

"Baba," ta ce.

Frano yana jera makullai, bai ɗago ba.

Muka ji ƙarar amalanken tana sauka lungu, tana tsayawa a kowace matakala, har ta ɓace cikin hayaniyar babban titi. Niksha ya shige gidansu ya rufe ƙofa da ƙarfi. Wannan karon bai tsaya ƙwanƙwasa bango ba.

Ni da Frano muka sauke Nona. Aikin ya fi ƙarfina, amma babu wani. A ƙasa gadajen nan huɗu suna jere kamar kullum, ƙamshin tsohon mai yana tashi daga tuluna. Na shimfiɗa uku. Na huɗun, wanda ke ƙarƙashin taga, na bar katifarsa a naɗe.

Nona ta dube shi, ta dubi ɗanta.

"Ɗazu daga sama na ji ka ce babu wurin mutum ɗaya," ta ce. "Ga shi an samu."

Kafin ya amsa aka buga ƙofa. Baƙin farko ne, mata da miji masu jajayen fuskoki da huluna, suna haki saboda matakala. Frano ya hau. Na ji shi yana yi musu maraba da harshensu da muryar nan tasa ta bazara, yana dariya, yana tambayar yadda suka sha hanya. Shi ya ɗauki jakarsu da kansa ya kai ɗakin Lukre. Na ji ya buɗe musu tagar, na ji matar ta yi ihun murna da ta ga teku.

Da ya sauko, murmushin bai gama barin fuskarsa ba, ya manne kamar an manta da shi a wurin. Ya tsaya a zaure kusa da kwalbar zuma, yana juya ta a kan tebur.

"Pave."

"Na'am."

"Motar arewa, yaushe take tashi?"

"Bayan ƙararrawar tsakar rana. Ba ta buga ba tukuna."

Ya dubi hularsa da ke rataye a ƙusa. Ya dubi farantin, inda makulli ɗaya ya rage da guntun igiya a jikinsa. Daga sama baƙuwar ta leƙo kan matakala tana kiran mai gida, wai a taimaka a kawo ƙarin tawul.

Frano ya juya zai nufi wajen tawul.

Na riga shi. Na ɗauki biyu na fara hawa da tsofaffin gwiwoyina, ban waiwaya ba, don kada wata rana ya ce tawul ne ya hana shi bin 'yarsa tasha.